Na yi juyen man giya a gida, yanzu mota tana fizga

Salamu alaikum. Don Allah masana giyar otomatik ku taimaka min.

Honda Accord 2005 ce, mai silinda 4. Ranar Asabar na kwance notin ƙasan giyabos da kaina, mai kusan lita 3 ya fito, ya yi baƙi-ƙirin yana warin ƙuna. Maganaɗisun jikin notin duk ya tara garin ƙarfe kamar toka, na goge shi tas. Ban samu man giya DW-1 ɗin da ake zuba wa Honda ba, sai na zuba Dexron III da mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Tun ranar, in na sa D (giyar tafiya gaba) sai ta yi jim kafin ta kama, sannan ta buga. Tsakanin giya ta 2 da ta 3 kuwa injin ya yi ta ƙara, mota ba ta ja, musamman in ta ɗau zafi a cunkoso. Ribas lafiya lau. Na auna man bayan na kashe injin, yana tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar awon mai, ba ya yoyo.

Kuɗin sabon giyabos ba ni da shi. In na juye wannan man na zuba DW-1 sau 3 a jere, fizgar za ta daina?