Kuɗi ta asusu ko kwanon shinkafa?

Malamin Firamare, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana, tura wa talaka kuɗi ta asusu ya fi rabon shinkafa. Naira dubu 25 sau uku da gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar a Oktoba 2023 don gidaje miliyan 15, in ta shiga waya ta shiga, ba kansila ba mai unguwa a tsakani.

Mai POS na Jega: Malam, in ta shiga ɗin fa. Ni nake cire wa mutane kuɗi. Tsohuwa za ta taso daga ƙauye, ta biya ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa, a ce sunan da ke NIN ɗinta bai dace da na BVN ba. Wata ma ba ta taɓa buɗe asusu ba. Ita ina nata tallafin?

Malamin Firamare: Wannan gyaran rajista ne, ba laifin tsarin ba.

Hajiya mai abinci: To ni na ɗanɗana rabon shinkafar. An tara mu tun hantsi har la'asar, na koma gida da kwano biyu da ciwon baya. Amma Malam, kwano biyun nan na dafa su, yara sun ci. Kuɗin kuwa har yau labarinsu nake ji a rediyo.

Mai POS na Jega: Kuma kar a manta, a Janairu 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin naira miliyan 585, shirin ya tsaya cak. Su ma kuɗin suna da masu unguwarsu, a Abuja suke.

Malamin Firamare: Ai don kuɗi na barin sawu shi ya sa aka gano. Naira biliyan 5 da aka ware wa kowace jiha don rabon kayan tallafi a Agusta 2023, wa ya ƙirga buhunan da aka saya? Ga shi kashi 48 cikin ɗari na kuɗin bashi ne da za a biya.

Kawu na Argungu: Ku yaran ga kun bar jaki kuna dukan taiki. Mu ka noma shinkafar ga. Noman rani a fadama da injin ban ruwa muke yinai, injin kuwa fetur shika sha. Lita tana ƙasa da 200 kafin 29 ga Mayu 2023, zuwa Yuli ta kai 617. Ku lissafa, dubu 75 ɗin duka ba ta sayen lita 125. Ga taki. Sannan a Yuli 2024 aka ɗage harajin shigo da shinkafa na kwana 150, mai shanshera ya rasa ciniki. A sassauta min mai da taki, ni zan ciyar da Hajiya.

Hajiya mai abinci: Allah ya ja kwana Kawu, amma faɗuwar farashin nan da kake kuka da ita, mu masu awo ita ce ta sa muka numfasa.

Kawu na Argungu: Bana kin numfasa, ɗiyata. In muka bar fadama baɗi, a ina za ki auno?

Malamin Firamare: Kawu, ka kawo wata muhawarar daban. Wanda ba shi da gona fa, gwauruwa mai marayu huɗu, ta jira girbi?

Mai POS na Jega: Ga kwastoma nan, netwok kuma ya ɗauke. Ku ci gaba, zan dawo.