Idan masana'anta ta tattara ta koma waje, wa zai ɗauki nauyin ma'aikaci?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina, kuɗin da gwamnati take kashewa a kan ma'aikatan da masana'antarsu ta koma wata ƙasa asara ce. Amurka ta fara tun 1962, zamanin Kennedy, da shirin da suke kira TAA: a biya wa mutum kuɗin koyon sabuwar sana'a, a riƙa ba shi na cefane har ya gama. Shekara 60 ana yi, a Yulin 2022 wa'adinsa ya ƙare majalisarsu ba ta sabunta ba. Da yana da amfani da ba su bari ba. Ni in na karye a kasuwa, ba wanda zai biya ni.

Malamar Zariya: Wa alaikumus salam. Alhaji, karyewarka da tasu ba ɗaya ba ce. Gwamnatinsu ce da kanta ta ƙulla yarjejeniyar ciniki ta NAFTA da Meziko da Kanada, wadda ta fara aiki a 1994, ta kuma goyi bayan shigar Sin ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001. Kaya suka yi araha, kowa ya amfana, amma garuruwan masana'antu ne suka kwana a ciki. Masanin tattalin arziki David Autor da abokan bincikensa sun ƙiyasta cewa kayan Sin sun ci kusan guraben aiki miliyan 1 a masana'antun Amurka tsakanin 1999 da 2011. A ce ba za a waiwaye su ba, ai an ci moriyar ganga ke nan an ya da kwaurenta.

Yaya a Ohayo: Malama ina tare da ke, amma Alhaji bai faɗi ƙarya duka ba. Binciken da ma'aikatar ƙwadagon nan Amurka ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya gano cewa bayan shekara 4 waɗanda suka shiga shirin ba su kai samun takwarorinsu da ba su shiga ba. Na gani da idona. Maƙwabcina ya haura 50 lokacin da kamfaninsu ya kwashe injuna ya kai Meziko. Ya koma aji yana koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki tare da sa'o'in 'ya'yansa, kullum da dare ina hango shi ta taga da tabarau yana fama da lissafi. Ya gama, ya samu aiki, albashin bai kama ƙafar na da ba. Abin da ya rufa masa asiri wani ɓangare ne na shirin: a lokacin, wanda ya kai shekara 50, gwamnati takan cika masa rabin giɓin albashi na shekara 2, iyaka dala 10,000. Da shi ya riƙa biyan bashin gida.

Malamar Zariya: To ka ji. Gyara abin yake so, ba kashewa ba. Mu nan Najeriya ma mun ɗanɗana: masaƙar KTL da aka kafa a Kaduna a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL a 2007, Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar nan aka koma shigowa da ita.

Baba na Kakuri: 'Ya'yana, ku yi mini uzuri, jikana ke rubuta mini. Shekara 23 na yi a gaban injin saƙa, ba zan kama sunan kamfanin ba. Da, in jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna kan cika titi har mota ba ta iya wucewa, masu tuwo da masu shayi a bakin ƙofa kowa na samu. Ranar da aka rufe, takarda muka tarar a manne, aka ce mu je za a neme mu. Katin aikina yana nan a cikin leda a ƙasan akwati. Abokan aikina da yawa sun rasu ba su ga haƙƙinsu ba, wasu sun koma acaɓa da furfura. Mu ba makaranta muka nema ba. Kuɗin sallama, guminmu, shi muka nema.

Ɗan Kwari: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi, don atamfar Sin da ta kashe muku kasuwa ni ma ita nake sayarwa. Amma har yanzu ina cewa haƙƙinku a wuyan kamfani yake, ba baitulmali ba. A tilasta wa mai kamfani ya ajiye kuɗin sallama tun yana cin riba.

Malamar Zariya: Wannan na yarda da shi, Alhaji. Sai dai gwamnati ta iya ware naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, rance ne ga masu kamfani. Me ya hana a gindaya sharaɗin biyan tsofaffin ma'aikata kafin a ba kowa ko sisi?

Baba na Kakuri: Da an yi haka, 'yata, da ban sayar da filina na cire yara biyu daga makaranta ba. Ƙaramin shi ne uban wannan da ke rubuta muku.