Neman kalmar Hausa: steampunk

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka, gobe da safe zan naɗi shirin littattafan matasa a rediyo kuma na maƙale. Littafin ya ɗauki Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, 1914, ya juya shi, wai ba a taɓa ƙera injin fetur ba komai da kwal da tururi yake tafiya, jiragen yaƙi na sama manyan balan-balan ne irin Zeppelin, na'urar lissafin nan ta Charles Babbage da bai gama ba a gaske, a labarin an gama ta tana saita wa sojoji igwa, jarumin kuma yaro ne mai zuba kwal a tukunyar jirgi. Turawa na ce wa salon steampunk. Me zan ce da Hausa? Sai kuma alternate history.

Malamar Aji: Na biyun mai sauƙi ne, tarihin da-a-ce. Da a ce ba a harbe Franz Ferdinand, yariman Austria da kisansa ya tada yaƙin, a Sarajevo ba, da a ce kaza, ai shi ke nan salon.

Ɗan Fassara: Na yarda da Malama. Na farkon kuma almarar tururi.

Tsohon Edita: A'a. TURURANCE. Kamar yadda ake cewa Hausance, Larabce. An rubuta labarin a tururance. Kalma ɗaya tak, ta gida.

Ɗan Fassara: Allah ya gafarta Malam, a rediyo fa za a faɗa, wanda ya ji tururance zai ɗauka Turance aka ce mai shirin ya yi in'ina

Ƙanwar Kowa: ni wlh tururuwa ta faɗo min a rai 😂

Tsohon Edita: Ku yi ta dariya. Ku ne in Bature ya ƙirƙiro kalma ku rungume, in namu ya ƙirƙiro ku kushe.

Injiniya: Baba ai shi ma wanda ya ƙirƙiro kalmar steampunk ɗin da raha ya yi, marubuci K. W. Jeter ne a wasiƙar da ya aika wa mujallar Locus a 1987, yana kwaikwayon cyberpunk, sunan salon almarar duniyar kwamfuta. Kuma duk kun bar rabin kalmar, punk ɗin nan bijirewa ce, yaran da ba sa jin maganar janar-janar, almarar tururi ba ta ɗauko wannan ba, ko labarin jirgin ƙasa na zamanin Sarauniya Victoria zai iya shiga ciki. Ni a ce sitimfank kawai, Japanawa ma aron ta suka yi kuma harshensu bai mutu ba.

Tsohon Edita: Sitimfank? Subhanallah. Kamar sunan maganin tari. Ba ma bukatar aro.

Malamar Aji: Ranka ya daɗe to inji da kwal da rediyo fa, daga ina muka samo su?

Tsohon Edita: Waɗannan sun daɗe sun zama 'yan gida.

Injiniya: to ita ma a bar ta ta kwana biyu mana

Ɗan Fassara: Injiniya ku da kuka yi boko mai zurfi kullum sai kun nuna mana kun san Japan

Injiniya: Haba yaya, me ya kawo wannan kuma

Mai Shirin Adabi: Jama'a dare na yi fa. Tarihin da-a-ce na ɗauka, na gode Malama. Ɗayan zan ce almarar zamanin tururi, in faɗi ta Turancin sau ɗaya a farko, bijirewar kuma in yi bayaninta da baki tunda ba ta shiga kalmar ba.

Injiniya: Ba laifi amma ta yi tsawo, kuma Zeppelin ɗin gaske da suka jefa bom a Ingila a 1915 da injin fetur suke tafiya, ka faɗa wa yara kar su ɗauka tarihi ne.

Tsohon Edita: Ka faɗi abin da ka ga dama a shirinka. Ni dai tururance zan ci gaba da rubutawa.