Wa ya taɓa shiga maƙabarta kallon tsuntsaye?

Ɗan Goron Dutse: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a na je ziyarar kabarin mahaifina a maƙabartar Dandolo ta Kano da sassafe. Na gama addu'a ke nan sai na ji tsuntsun nan ragon maza yana kuka daga cikin ciyawa, kukan nan nasa mai kama da ana tsiyayar ruwa daga gora. Rabona da jin sa a cikin birni tun ina firamare. Kafin in kai ƙofa na ga cilakowa biyu a kan darbejiya, ga hasbiyoyi, ga baiwar Allah na tsince-tsince a ƙasa. Ni kaɗai ne, ko akwai wanda ya lura?

Mai Atlas: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ba kai kaɗai ba ne. Muna cikin masu tattara bayanai wa aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, kuma in na shiga gari mai cunkoso maƙabarta nake fara nema. Duk wani fili an yanka shi fuloti, bishiyoyi sun tafi itace da gawayi, ita ce kaɗai ba a cika taɓawa ba. Babu hayaniya, yara masu danƙo ma tsoron shiga suke. Amma fa na sha da ƙyar a wani gari. Mai gadi ya hango ni da madubin hangen nesa ina rubutu a waya, kafin in ankara matasa sun kewaye ni. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san labarin masu tonon kabari. Sai da na miƙa wa dattijon madubin, ya ɗora a ido ya ga alhudahuda ya buɗe tukkunsa, ya ce, “Ikon Allah, na Annabi Sulaimanu!” Tun ranar ba na shiga sai na gaida mai gadi na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Maman Biyu: Mu mata da ba shiga muke ba, daga sama nake nawa kallon. Benenmu na kallon katangar maƙabartar unguwarmu. Wata mujiya ce ke kwana a tsamiyar ciki, maƙwabta suka dage sai an kashe ta, wai mugun abu ce. Na ce musu ɓeraye take ci, ba mutane ba. Dariya suka yi min.

Malamin Islamiyya: Ni dai tunatarwa ce tawa. A yi wa mazauna wurin sallama, kar a taka kabari ko a zauna a kansa don neman hoto mai kyau. In an shigo da gawa, a mayar da kyamara jaka a bi jana'iza.

Baƙon Brooklyn: Malam, an karɓa. Nan New York abin ba baƙo ba ne. Maƙabartar Green-Wood, wadda aka kafa a 1838, ta kai eka 478, kuma ita da kanta take shirya wa mutane zagayen kallon tsuntsaye da asuba. A saman babbar ƙofarta wasu korayen tsiryoyi 'yan asalin Kudancin Amurka sun yi sheƙar ƙirare, surutunsu ne ke tarbar ka. Ranar farko na kasa sakin jiki, ina ta sallama a zuci, Turawa kuwa sai nuna wa juna reshe suke.

Ɗan Goron Dutse: Yaya Mai Atlas, ungulu fa? Da muna yara mayanka cike take da su.

Mai Atlas: Tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin masu dab da ƙarewa, guba da masu haɗa magani sun cinye ta. Shekara uku ina leƙa maƙabartun Kano, ko ɗaya ban gani ba. Wanda ya gani ya turo min sunan unguwar da lokacin.