Wa ya taɓa tayar da tsohuwar rediyo mai bawul? A zo a ba mu labari

Jikan_Malam:
Assalamu alaikum jama'a. Ana gyaran zauren gidanmu ne aka sauko da wata tsohuwar rediyo daga saman sif, ta marigayi kakanmu ce, Philips mai akwatin katako, babu FM a jikinta sai matsakaicin zango da gajeren zango. Na kwance murfin baya sai ga kwalabe shida a tsaye, wato bawul ɗin, na goge ƙura na karanta rubutun jikinsu: ECH81, EF89, EBC81, EL84, EZ80, sai EM80, koren ido mai nuna an zo daidai tasha, wadda ke leƙowa ta gaba. Gidan zanzaro a ciki, ga kashin ɓera. Ƙanena ya matsa wai mu jona ta kawai mu ji ko tana yi, ni kuma gabana sai faɗuwa yake. Waɗanda suka taɓa tayar da irinta don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku.

Baba_MaiRediyo:
Wa alaikumus salam yaro. Ka ce wa ƙanen naka ya ajiye fulogin nan tukuna. Tun ina yaron shago nake cikin rediyoyin nan, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo min a mace ba tsufa ne ya kashe su ba, wanda ya fara jona su ne. Bawul ɗin da kake tsoro su ne ma masu tsawon rai, da wuya ka samu duk sun mutu. Matsalar tana ƙarƙashin shasi, wato farantin ƙarfen da aka dasa kayan a kai, ka juya ta za ka ga wasu ƙananan kafasitoci baƙaƙe kamar an tsoma su a kwalta, wasu kuma na takarda da kakin zuma. Takardar nan ta sha damina sittin ko fiye, danshi ya shige ta, yanzu maimakon ta tare wuta sai yoyo take.

Akwai guda ɗaya da nake kira mugu, wanda ke tsakanin EBC81 da EL84. Aikinsa ya bar murya ta wuce ya tare wuta mai ƙarfi. In ya fara yoyo sai wuta ta hau ƙafa ta 2 ta EL84, ita kuma ta shiga zuƙar wuta ba birki har cikinta ya yi ja, daga nan taransfomar sifika ta ƙone. To ita wannan taransfomar ina za ka same ta? Kuma abin haushin rediyon tana nan tana magana raɗau lokacin da duk wannan ɓarnar ke faruwa, mai ita na murna yana kiran maƙwabta su zo su ji.

Injiniya_Kd:
Baba ya gama magana. Ni abin da ya cece ni a tawa ƙwan lantarki ne, irin na da mai zare a ciki, 60W ko 100W. Ka yanke waya ɗaya ta igiyar wuta ka saka ƙwan a tsakani yadda duk wutar da za ta shiga rediyo sai ta bi ta cikinsa. In ka kunna ya yi haske ɗan lokaci sannan ya dushe to lafiya, in ya tsaya da haske tarwai akwai inda wuta ke haɗuwa, ka kashe nan take. Wahalar yanzu samun ƙwan ne wlh, ko'ina LED, sai da na bi masu shagon cikin unguwa kafin na samu wani a ƙasan kwali. Kuma LED ba zai yi wannan aikin ba ko kaɗan. Sannan ka duba bayanta akwai wani ɗan faifai na zaɓen ƙarfin wuta, 110, 127, 220 da sauransu, ka tabbatar yana kan 220 ko 240 don yara kan juya shi. Kar ka gwada ta da ƙaramin janareta.

Jikan_Malam:
Na gode Baba, na gode oga. Na juya ta yanzun nan, baƙaƙen nan sun fi goma, wasu duk sun tsattsage. Duka zan cire kenan? Akwai kuma wani dogon gwangwani a sama an rubuta 50+50uF.

Dan_Maradi:
Sannunku da aiki. Ni tawa Grundig ce mai maɓallai irin na fiyano, wani dattijo ya sai min ita nan Maraɗi, kuma ra'ayina a canza na takarda duka ba sai an auna ba, don duk shekarunsu ɗaya, wanda bai mutu yau ba gobe shina tahe. Amma ɗai-ɗai nika yi, in ɗauki hoto da waya, in cire guda in sa sabo, in gwada, sannan na gaba. In ka kwashe su lokaci guda ta ƙi magana ba ka san inda ka ɓata ba. Wani abu kuma da na gani, a zahin watan huɗu kakin nan narkewa yake ya ɗiga kan wayoyi har lambar jikin kafasitan ta goge, to ka rubuta lambobin kahin ka taɓa su da ƙarhe mai zahi.

Grundig ɗin tawa ba ta da EZ80, wani ɗan falle ne na seleniyam ke aikinta, wato maida wutar gida zuwa irin wadda rediyon ke aiki da ita. Ran da ya mutu wari ya cika ɗaki irin na ruɓaɓɓen ƙwai, hayaƙin kuma ba shi da kyau ga ƙirji, sai da muka buɗe tagogi. Na sa ɗan ƙaramin diyod na zamani, 1N4007, a madadinsa amma da rizista a gaba, don sabon ba ya rage wuta kamar tsohon.

Baba_MaiRediyo:
Ɗan Maraɗi na yarda da kai a kan na takarda, amma kar yaron nan ya ji "duka" ya shiga da almakashi. Akwai waɗanda ba a taɓawa. Ƙananan nan na maika da na tangaran da ke kewaye da kwayil, wurin da ake kamo tasha, ka bar su inda suke, da su aka daidaita rediyon tun daga kamfani, in ka canza sai tashoshi su watse ka rasa yadda za ka dawo da su. Haka waɗancan sukurorin da ke kan gwangwanayen alminiyam, kar ka ce sun yi sako-sako bari in ɗaure. An sha kawo min wadda wani ya ɗaure mata su tamau. Sannan Philips na da wasu masu launin rawaya-rawaya da suka zo daga baya, su ba takarda ba ne, har yau garau suke.

Gwangwanin da ka gani shi ke tace wuta, kafasita biyu ne a ciki. In ya bushe za ka ji huuuum a sifika ko ka rage murya ƙasa gaba ɗaya ba ya dainawa. Ka sa 47uF guda biyu masu 450V, ka lura da ƙafar ƙari (+) da ta ragi (-) don in ka juya fashewa yake. Kuma kar ka ce bari in sa babba 220uF ya fi, EZ80 ba ta ɗaukar sama da 50uF a bakinta. Ni ina barin tsohon gwangwanin a wurinsa don kyan gani, in cire masa wayoyi in ɓoye sababbin a ƙasa.

Ummu_Lantarki:
Salam. Ni ɗaliba ce, lantarki nake karanta, na gyara ta kawuna a hutun da ya wuce. Abin da ya rikita ni da farko lambobi ne, za ka je kasuwa ka ce 0.05 a ce babu, to 0.047 shi ne madadinsa, 0.02 kuma 0.022, bambancin ba ya komai. Abin lura ƙarfin wutar da yake ɗauka, ka nemi masu 630V, don a Sabon Gari yawancin na kan tebur na kayan tiransisto ne 50V ko 100V, a cikin rediyon nan kuwa wuta na kai 250V har ta wuce. Wasu na ciro su daga allon tsohuwar talabijin mai ƙeya, nima na ciro biyu sun yi. Wanda ke kan layin wutar gida kai tsaye shi kuma dole mai alamar X2, in tsakanin layi da shasi yake Y2.

Don Allah kuma kar ka manta gwangwanin nan na riƙe wuta bayan an zare fulogi. Ka sauke ta ta cikin rizista, ka auna da mita ka ga ta sauka kafin ka sa hannu. Malaminmu kullum cewa yake hannu ɗaya a aljihu.

Injiniya_Kd:
Malama ta tuna min. Ka yi sa'a taka mai taransfoma ce. Akwai waɗanda ba su da ita sam, irin Bush DAC90A ta Ingila da ƙananan 'yan Amurka masu bawul biyar, su shasin kansa na iya ɗaukar wutar gida ya danganta da yadda ka juya fulogi. Wani abokina ya taɓa sandar murya da maɓallin ya cire yana tsaye ba takalmi a siminti, sai da ta yar da shi. 'Yan Amurkan ma na 110 zuwa 120V ne, in ka jona su nan kai tsaye shikenan.

Dan_Maradi:
In ta tashi kuma kada ka yi zaton za ka ji ta yadda kakanka ya ji. Ni da na gama sai ƙara kawai zzzz ko'ina a gajeren zango, na ɗauka aikina ne bai yi ba, ashe cajar waya ce da inbata da ƙwayayen LED na gidan. Da na jona ta nesa da su, na ja doguwar waya bisa itace, da dare tashoshi sun cika ta, idon nan kore na rufewa in ka zo daidai tasha. FM ɗin tawa kuma a 100 ta tsaya, duk tashar da ke sama da haka ba ni samunta.

Jikan_Malam:
Allah ya saka da alheri. Baba tambaya ɗaya, na murɗa abin kamo tasha amma allurar ba ta motsi, na leƙa na ga zaren ya tsinke yana reto. Zaren ɗinki zai yi?

Baba_MaiRediyo:
Na ɗinki ba zai yi ba, tsinkewa zai yi, na roba na kamun kifi kuma santsi gare shi yana miƙewa. Ka nemi irin saƙaƙƙen zaren nan da masu gyaran takalmi ke aiki da shi, siriri. Amma kar ka zare tsohon tukuna, ka zana a takarda yadda ya bi ta kan kowace ƙaramar taya da sau nawa ya naɗe a sandar, Philips sun iya murɗa hanyar zaren nan. Akwai ɗan sifirin a cikin babbar tayar, ka riƙe shi da kyau don in ya yi tsalle ya faɗa ƙasa sai an share ɗakin kafin a gan shi. Ka turo hoton ƙarƙashin shasin in nuna maka mugun da za ka fara cirewa.