Sitatan injin jirgina ya ƙi juyawa, sai "ƙas" kawai yake yi

Mai Jirgin Lagdo:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu sanin inji. Jirgin katako gare ni a tafkin Lagdo, ina ɗauko banda da fasinja daga tungayen masunta zuwa bakin kasuwa. Sana'ar gado ce, mahaifina ya zauna nan tun bayan da aka gama dam a 1982. Injina Yamaha 85 ne na makulli, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai.

Tun da ruwan Agusta ya kankama ya fara canza hali. Wata rana ya tashi bugu ɗaya, wata rana ya juya da nauyi kafin ya kama. Yanzu in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" guda daga cikin murfi, shi ke nan. Batirin bara na saye shi a Garwa, na kai an yi masa caji, fitilar jirgi tana kamawa tar. Wani ya duba ya ce sitata ya ƙone, in aika Yola a sayo. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma gida uku ke ci da jirgin nan. Me zan gwada kafin in kai ga haka?

Makaniken Bakin Gada, Garwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wannan "ƙas" ɗin da kake ji rilen sitata ne, wato makunnin da ke sakar wa sitata wutar batir in an murɗa makulli, kuma labari mai daɗi yake ba ka: makulli lafiya, fiyus lafiya, ɗan makunnin da ke hana inji tashi in giya ba ta firi shi ma lafiya. Da ɗayansu ya mutu ko "ƙas" ba za ka samu ba. Sai dai ka murɗa ba tare da ka danna makullin zuwa ciki ba, don cok, mai ƙara wa inji fetur in yana sanyi, shi ma yana irin wannan ƙarar.

Maganar fitila kuwa ba shaida ba ce. Fitila 'yar wuta kaɗan take sha, sitata yana neman sama da amfiya 100 a lokaci guda. Ka ari mitar auna wutar batir. Batir mai cikakken caji yana nuna 12.6. Ka bar mitar a kan batir, yaronka ya murɗa makulli, kai kana kallo. In ta faɗo ƙasa da 10, ko dai batir ya gaji ko wani abu ya riƙe injin. Zafin Maris da Afrilu na ƙasar nan yana cinye batir tun bai tsufa ba. In kuwa mita ta tsaya cak a wajen 12 alhali sitata bai motsa ba, to wutar tana nan, hanya ce ta toshe.

Daga nan sai ka bi hanyar. Kwance kan batir duka biyu, baƙar waya farko, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure da sifana. Ɗaurin hannu ba ya isa a jirgi, girgiza tana sassauta shi. Ka duba inda baƙar waya ta kama jikin inji. Sannan ka sa yatsa ka bi wayoyin nan biyu masu kauri, ja da baƙa, tun daga batir har inji, musamman inda suke kwance cikin ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Inda ka ji ta kumbura, ko tana ƙaras-ƙaras in ka lanƙwasa, ko ta yi ɗumi bayan an murɗa makulli, nan cutar take. Roba takan nuna lafiya alhali tagullar ciki ta zama kore.

In duk wannan ya wuce, sa mita a ƙusar sitata kanta a murɗa. Wuta ba ta zo ba, rile ne. Ta zo cikakkiya bai juya ba, to sitata ne, kuma sau da yawa gawayinsa ne ya cinye, wato 'yan guntayen da ke kai wuta cikinsa, ana canza shi a nan Garwa.

Ɗan Yerima:
Oga, ka duba igiyar kashe inji wadda ake ɗaurawa a hannu. Ni tawa ta taɓa fita, inji ya ƙi tashi sam. Ko ka haɗa ƙusoshin rile da sukundireba ka gani.

Makaniken Bakin Gada, Garwa:
Ƙanena, igiyar nan wutar fulogi take yankewa. In ta fita inji zai yi ta juyawa ne bai kama ba, nasa kuwa ko juyin ba ya yi. Sukundireba kuma don Allah a bari. Tartsatsi yake fitarwa, ga jarkokin fetur a gefe, ga jirgin katako.

Tsohon Direba, Bulangwa:
Gaisuwa daga bakin Tafkin Cadi. Abin da makanike ya faɗa haka yake, ƙari ɗaya zan yi. Ɗana, kafin mita, cire fulogi duka uku, giya a firi, ka juya faifan nan mai haƙora na saman inji da hannu. In ya juya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, ko ruwa ya feso ta ramin fulogi, ka daina murɗa makulli nan take, don ba laifin sitata ba ne, kuma tilasta shi zai jawo ɓarnar da ta fi wannan.

Kuma ka ajiye igiya a jirgi. A tsagin faifan ake saƙala ƙullinta, a naɗa yadda agogo ke tafiya, makulli a buɗe, a fizga. Injin 85 yana da tauri, amma ƙato yana tayar da shi. Kada a mayar da murfi sai an kashe, a kuma tattare riga da hannu daga faifan.

Mai Jirgin Lagdo:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, faifan ya juya lafiya, ba ruwa. Mita ta tsaya a 12.4 ko da an murɗa makulli. Muna bin baƙar waya muka tarar da inda katako ya danne ta ƙarƙashin benci na baya, ta kumbura. Da na tsaga robar da wuƙa sai kore da gari, 'yan silli kaɗan suka rage. Mun gwada da wayar aro, ya tashi bugu ɗaya.

Gobe zan shigo Garwa sayen sabuwa. Malam makanike, kaurin tsohuwar zan nema ko in ƙara? Daga batir zuwa inji ya kai taku huɗu.

Makaniken Bakin Gada, Garwa:
Madalla. Ƙara kauri, kada ka rage, kuma ka canza jar tare da ita tunda ruwa ɗaya suka sha. Tagulla zalla za ka nema, ka kankare bakinta ka gani kafin ka biya. A matse kawunan da kyau, a shafa giris, a ɗaure su a jikin jirgi sama da inda ruwa ke kaiwa. Ka zo da guntun tsohuwar mu auna.