Neman shawara: darasin falsafa ya sa ina tuhumar abin da na sani

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina shekarar farko a sashen falsafa, kuma a wannan zangon muna karanta fannin da ke binciken ma'anar sani. Malaminmu ya kawo misalin agogon bango da ya tsaya a kan ƙarfe biyu tun jiya, sai wani ya ɗaga kai ya dube shi daidai lokacin da ƙarfe biyun ta yi. Abin da ya gaskata gaskiya ne, kuma yana da dalili, amma za a ce ya sani? Tun ranar nake tuhumar duk abin da na ɗauka na sani. Da na gaya wa Baba, sai ya ce in canza fanni kafin karatun ya taɓa mini imani. Ba na son saɓa masa, kuma raina yana son karatun nan. Ku ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na bi ta wannan hanyar kafin kai, kuma na san nauyin da kake ji. Abin da misalin agogon yake nunawa shi ne mutum yana iya dacewa da gaskiya ta hanyar sa'a kawai, matsalar da masanin falsafa Edmund Gettier ya tayar a wata gajeruwar maƙala a 1963, ake ta muhawara a kanta har yau. Darasin bai ce babu sani ba, ya ce ka duba agogonka ko yana tafiya. Ka fara da ƙananan abubuwa: labarin da aka turo maka a WhatsApp, wa ya faɗa, ina ya ji, me zai nuna ƙarya ne?

Amsa ta biyu:
Ɗana, tsoron mahaifinka yana da tushe, domin akwai manyan malamai irin su Suyuɗi da suka haramta manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, wanda yake reshe ne na falsafa. Sai dai Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya mayar wa Suyuɗi da martani a waƙe yana kare ilimin, kuma har gobe ana karanta littafin manɗiƙi mai suna Sullam na Akhdari a zaurukanmu. Imam Gazali kansa, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta yadda shakka ta kama shi har ya tuhumi idonsa da hankalinsa kafin yaƙini ya dawo masa. Shawarata ita ce kada ka yi karatun nan kai kaɗai. Ka nemi malami mai tauhidi ka riƙa ɗaukar darasi a wajensa bayan Magariba.

Amsa ta uku:
Ni uwa ce, kuma na san abin da ba a bayyana mana ba shi ya fi tayar mana da hankali. Ka ɗauki takardun darasin, ka zauna gaban Baban naka bayan Isha'i, ka fassara masa misalin agogon da Hausa, sannan ka roƙe shi ya zaɓa maka malamin da kansa.